Me malamar aji uku za ta yi da aljabara da ihtimalat?

Ɗalibar Tarbiyya, Gadarif:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena malamai, tambaya gare ni, kuma don Allah kada a ɗauke ta raini. Ina kulliyyar tarbiyya, sashen masu koyar da 'yan firamare. Tun da aka koma karatu, darussa uku ne suka hana mu barci: handasa, wato lissafin siffofi da awo, aljabara, da ihtimalat, wato lissafin yiwuwar abu. Ga abin da ya ɗaure mini kai. A nan Sudan an maido da tsarin 6-3-3, firamare ta koma shekara shida, sin da sad kuwa, wato x da y na aljabara, sai yaro ya shiga mutawassiɗa, ƙaramar sakandare ke nan, zai sha su sosai. To ni da zan tsaya gaban 'yan aji biyu ko uku ina koya musu tarawa da ɗebewa, ina ruwana da ƙa'idar Fisaguras, wato Pythagoras? Ba gara a ba mu lokacin mu koyi riƙon aji ba?

Ustaz Kassala:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kin riga ni a baki. Ni a cikin aji nake yanzu haka, ba labari aka ba ni ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 waɗansu yaran da ke gabana suka yi fiye da shekara ba su ga allo ba, makarantu da yawa sun koma masaukin 'yan gudun hijira. Yaro ya kai sha ɗaya, ka ce masa bakwai sau takwas, sai ya sunkuya yana ƙirga yatsu a ƙarƙashin benci. Ga kuma matsalar harshe, yaro da Hausa ya tashi a gida, littafi kuwa da Larabci yake magana. A wannan hali wa yake ta ihtimalat? A sa yara su haddace jadawalin sau kamar Fatiha, malami ya iya tsawatarwa, a biya shi albashinsa a kan kari. Sauran duk ƙawa ce.

Ustazar Aji Uku, Bur Sudan:
Yaya Ustaz, maganar albashi babu mai ja da kai. Amma gobe in Allah ya kai mu ka rubuta wa 'yan ajinka wannan: 9 + 6 = ☐ + 7. Ka ce su cike gurbin, kada ka ƙara ko kalma. Za ka ga masu rubuta 15, za ka ga masu rubuta 22. Masu rubuta 8 ka ƙirga su ka faɗa mana. Kuma ka lura, waɗanda suka fi haddar jadawali su ne kan gaba wajen rubuta 15.

Dalili shi ne yaro ya ɗauki alamar daidai a matsayin umarni, wato "kawo amsa". Bai san tana cewa abin da ke wannan gefe nauyinsa ɗaya da na wancan gefe ba. Mu kuma malamai mu muke ɓata su, don za ka ga malami yana sauri ya jera 5 + 3 = 8 × 2 = 16 a layi ɗaya. Yaushe 5 + 3 ta zama 16? Yaron da ya shekara shida yana kallon wannan, ran da ya je mutawassiɗa aka ce masa ya ɗebe abu ɗaya daga ɓangarorin biyu, sai ya ga kamar sihiri ake yi. A can za a ce ba shi da kai, alhali a aji biyu aka karya shi.

Ɗalibar Tarbiyya, Gadarif:
Ustaza, amma wannan ai tarawa ce kawai. Ina aljabarar take?

Ustazar Aji Uku, Bur Sudan:
Ƙanwata, gwada wannan ba tare da kin tara komai ba: 487 + 296 = ☐ + 300. In kika ce 300 ta fi 296 da huɗu, don haka dole abin da ke gurbin ya gaza 487 da huɗu, 483 ke nan, to aljabara kika yi, ko da ba ki rubuta sin ba. Kin daina kallon lambobin, kin koma kallon dangantakar da ke tsakaninsu. Akwai yarinya a ajina, 'yar mai sayar da shayi ce, haka take yi da kai tun kafin na koya. Malamar da ba ta san wannan hanya ce ta gaskiya ba, ce mata za ta yi "ina aikinki?" ta ja mata jan biro.

Baba Mai Alli, Maiurno:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke buga mini, ni ido ya yi nisa. Na ji maganar kowa. Ustaz na Kassala yana da gaskiya rabi, Ustaza ma tana da tata, amma ina ganin ɗiyar nan da ta kawo tambaya kukanta daban ne, ba a saurare shi ba.

Mu a zamaninmu malamin firamare a ma'ahad, wato makarantar horon malamai, ake horar da shi, kuma uwar ma'ahadan ita ce Bakht ar-Ruda, kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu, wadda aka kafa a 1934. Da gangan aka kai ta ƙauye, don malamin da za ta fitar ƙauye za shi. Can ake rubuta littattafan yara, a gwada su a kan yara na gaske kafin a raba wa ƙasa. Ɗalibin malanta ba ya wuni yana kwafar allo. Za a ba shi darasi, ya shiga aji, malaminsa da 'yan uwansa suna zaune a baya, in ya fito a zauna a feɗe darasin: me ya sa da yaron nan ya ba ka amsa kaza ka wuce shi? Me yake nufi? A farkon shekarun 1990 aka canza tsari, aka yi marhalar asas, wato firamare ta shekara takwas, horar da malamai ya koma hannun jami'o'i. An samu digiri, ban raina ba. Amma abin da nake gani a wajen matasan da ke zuwa mana tarbiyya amaliyya, wato gwajin koyarwa, shi ne, lissafin da aka ba su na injiniya ne, hanyar koyarwa kuma an ba su ita a wani ɗaki daban, ba wanda ya ɗaura auren su biyun.

Don haka 'yata, ba a zalunce ki ba da aka ce ki koyi aljabara. In an zalunce ki, to a wajen da ba a nuna miki inda take ɓoye a littafin aji uku ba ne. Bari in tambaye ki. Biyu da rabi a raba da rubu'i, nawa ne?

Ɗalibar Tarbiyya, Gadarif:
Goma ne Baba. A juya rubu'in ya zama huɗu, sai a yi sau.

Baba Mai Alli, Maiurno:
Madalla. To yaro ya ɗaga hannu ya ce, Ustaza, ai rabawa rage abu take yi, yaya aka raba biyu da rabi ta zama goma? Kuma wa ya ce a juya? Me za ki ce masa?

Ɗalibar Tarbiyya, Gadarif:
Haka ƙa'idar take, shi ne abin da aka ce mana.

Baba Mai Alli, Maiurno:
Shi ne abin da aka ce wa yawancin mutane. Je ki kantin unguwarku ki tsaya. Mai kanti yana da sukari kilo biyu da rabi, yana ƙulla shi rubu'i-rubu'i a leda. Ƙulli nawa zai samu? Kowane kilo ƙulli huɗu, kilo biyu takwas, rabin kilo biyu, goma ke nan. Huɗun da kike juyawa ki samu, ita ce ƙulli huɗun da ke cikin kowane kilo. Rabawa tambaya ce: wannan sau nawa zai shiga cikin wancan? In abin ƙarami ne, sau da yawa zai shiga. Yaron da ya ji wannan ba zai sake cewa rabawa rage abu take yi ba.

Ustaz Kassala:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma ku a lokacinku yara nawa ne a aji? Ni in na tsaya ƙulla sukari da kowane yaro, shekara za ta ƙare muna babi na biyu, muwajjih kuma, wato sufeton makarantu, in ya zo shafin da na kai zai duba, ba zai tambayi ko sun gane ba.

Baba Mai Alli, Maiurno:
Ɗana, bayanin sukarin minti nawa ya ci? Ba lokaci yake ci ba, sani yake ci. Wanda ya san shi a numfashi ɗaya zai faɗe shi. Hadda kuwa ban hana ba, mu 'yan allo ne, da ita muka tashi. A haddace jadawali, amma a san abin da aka haddace.

Malam na Zaure, Sinnar:
Bismillah. Ni ba malamin boko ba ne, rabon gado ake kawo mini, amma maganar ta shigo gonata. Duk wanda ya karanta fara'ili ya san rabi da rubu'i da sumuni, da sulusi biyu da sulusi da sudusi. Ga mas'ala: mace ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su biyun suna da sulusi biyu. A kan asalin 6, miji 3, su 4, an tashi da 7. Dukiya ta kasa. Tun zamanin Sayyidina Umar aka yi hukuncin auli, a maida asalin 7, kowa ya ɗauki raunin gwargwadon rabonsa: miji 3 cikin 7, su 4 cikin 7. Almajirin da bai gane me ya sa ake neman asali ɗaya kafin a tara kusur, irin su rabi da sulusi, ba, a nan yake tsayawa cak. Na sha ganin masu shahadar sakandare suna tara rabi da sulusi su ce biyu cikin biyar. Wannan ba a sakandare suka ɗauko shi ba.

Kuma ita aljabarar da ake tsoro, littafin da ya kafa ta Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi ya rubuta shi a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma kaso mai yawa na ƙarshensa mas'alolin wasiyya ne da gado. Babu sin babu sad a ciki, da zance ya rubuta komai. Sanannen misalinsa: wata lamba, ka yi ta sau kanta, ka ƙara ninkinta goma, a samu 39. Da zane ya warware. Zana murabba'i, wato siffa mai gefe huɗu daidai da juna da kusurwoyi miƙaƙƙu, wanda ba ka san tsawon gefensa ba. Liƙa masa mustaɗili biyu, wato siffa irin ta ƙofa, masu faɗin 5, ɗaya a gefe ɗaya a ƙasa. Duka abin da ka zana 39 ne. Saura gurbi a kusurwa, 5 sau 5, wato 25. Cike shi, ka samu babban murabba'i mai 64, gefensa 8. Ɗebe 5, saura 3. Kun ga handasa da aljabara a faifai ɗaya.

Ɗan Jidda:
Allah ya gafarta Malam, yau na gane abin da aka dake ni a kansa a sakandare. Ashe zane ne.

Malam na Zaure, Sinnar:
Zane ne ɗana. Kuma mu ma muna da namu. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi rubutu a kan wafaƙi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ku bar batun abin da masu hatimi ke yi da shi, ku dubi lissafin. Gida tara, lamba 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Me ya sa dole 5 ce a tsakiya? Layi huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45. Rarar 15 ɗin ta maimaita gidan tsakiya ce sau uku, don haka 5 ne. 'Yan aji biyar za su iya bin wannan in malaminsu ya iya.

Mai Awon Gona, Gadarif:
Jama'a ku ba ni wuri in yi maganar handasa, don ni da ita nake cin abinci. Duk damina sai an kira ni rikicin gona, ko na haya, ko na kuɗin shara da yankan riɗi da ake biya a kan faddan. Yadda mutanenmu ke awo: a auna gefe biyu masu kallon juna a ɗauki tsakaicinsu, a yi haka ga sauran biyun, sai a yi sau. Tsohuwar hanya ce ƙwarai, har Misirawan dā da ita suke awon filaye. In gonar kusurwoyinta a miƙe suke, daidai take bayarwa. In ta karkace kuwa, kullum ƙari take yi, ba ta taɓa ragewa.

Misali. Gona tsawonta mita 100 ta kowane gefe, faɗinta 60 ta kowane gefe. Kowa zai ce 6000. Amma in ta karkace, ka tsaya a gefe ɗaya ka ja igiya miƙe zuwa ɗayan ka samu 48, to filin 4800 ne. An ƙara 1200. Faddan murabba'in mita 4200 ne, kirat 24, kowane kirat 175. Wato kusan kirat bakwai, fiye da rubu'in faddan, na ƙasar da babu ita. Mai haya ya biya kuɗinta, ya zuba iri a lissafinta, kaka ta zo ya ce gonar ba ta da albarka.

Wanda ke yi wa ƙauye wannan lissafi, galibi malamin firamare ne, don shi ne mai biro. Da idona na ga wani ustaz ya yi wa mutane wannan awon ya sa hannu, da na nuna masa ya ce ai tsawo sau faɗi aka koya masa. Gaskiya ne haka aka koya masa. Ba a dai gaya masa wane faɗin ba.

Ɗan Jidda:
Nan ma haka. Ina aikin tayil. Kafin mu shimfiɗa layin farko sai mun auna santi 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, in tsakaninsu ya ba da 100 cif, kusurwa ta miƙe. In bai ba da ba, tayil zai riƙa guduwa har ƙofar ɗaki. Maigidan da ya koya mini bai taɓa jin sunan Fisaguras ba. Ƙanwarmu mai tambaya, wannan ce ƙa'idar da kika ce ina ruwanki da ita: 60 sau 60 da 80 sau 80, a tara, 100 sau 100.

Ustazar Aji Uku, Bur Sudan:
Abin da Mai Awo ya faɗa tun a ƙananan azuzuwa yake farawa. Yanka murabba'i a kwali, nuna wa yara, kowa zai ce murabba'i ne. Juya shi ya tsaya a kan kusurwa ɗaya, sai su ce ya tashi daga murabba'i. Don a littafi kullum a zaune suke ganinsa. Waɗansu malamai 'yan Holan, mata da miji, van Hiele, sun yi bayanin wannan tun 1957: yaro da kama yake fara gane siffa, sannan ya zo ga sifofinta, gefe nawa, kusurwa nawa, sannan daga baya ya gane dangantaka, misali cewa kowane murabba'i mustaɗili ne. Ba shekaru ke ɗaga shi daga mataki zuwa mataki ba, koyarwa ce. Ku tambayi ɗakin malamai ko murabba'i mustaɗili ne, ku ga gardama.

Sai kuma rikita kewaye da faɗin fili. Igiya mita 40, a kewaye fili da ita. In 15 da 5 ne, 75. In 10 da 10 ne, 100. In aka yi da'ira, kusan 127. Igiya ɗaya ce. 'Yan Gadarif, masu gina gutiyya zagaye ba su yi wauta ba, kara kaɗan ɗaki mai faɗi.

Ɗalibar Tarbiyya, Gadarif:
To, handasa da aljabara na sallama, ko da yake har yanzu ina cewa ba haka ake koya mana su ba. Amma ihtimalat fa? Wannan kam ban ga inda zai shiga aji uku ba.

Ustaz Kassala:
Kuma ga wata. Na taɓa kawo ɗan ludo aji don in nuna darasi, washegari wani uba ya zo har ofishin mudir, shugaban makaranta, ya ce ana koya wa ɗansa caca, kuma ana cewa wai abu yana faruwa ba da ƙaddara ba. Malam, ku ne za ku raba mu.

Malam na Zaure, Sinnar:
Uban yana da uzuri ta fuska ɗaya. Su kansu Turawa da suka tsara wannan fanni, Faskal da Ferma 'yan Faransa, wasiƙunsu na 1654 a kan yadda za a raba kuɗin caca ne in wasa ya katse. Amma asalin abu daban, hukuncinsa daban. Caca haramun ce don cin dukiyar mutane da ɓarna. Ƙuri'a kuwa tana cikin Alƙur'ani: a Ali Imrana aya ta 44 an jefa alƙaluma a kan wa zai riƙi Maryamu, a Saffati aya ta 141 Annabi Yunusa ya shiga ƙuri'a. Kuma ya tabbata daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Me ya sa ƙuri'a ta zama adalci? Don rabon kowa a cikinta daidai yake. Wannan "daidai" ɗin shi lissafin yake aunawa. Ba ya cewa ya san gaibu, iyakar jahilcinmu yake aunawa. Sai dai Ustaz, ka bar ɗan ludon a gida, ka nemi wani abin. Ba kowace gaskiya ake shiga da ita ta ƙofar gaba ba.

Inna Ungozoma, Damazin:
Ni tun ɗazu nake karatu ban sa baki ba, amma yanzu an zo wajena. 'Yata mai tambaya, zo ki zauna da ni wuni ɗaya ki ga inda ihtimalat yake. Sikila. Uba AS, uwa AS. Likita ya ce musu ɗaya cikin huɗu. Suka haifi na fari da ciwon. Sai uwar ta ce mini, Inna, alhamdu lillahi mun biya namu, uku masu zuwa lafiya lau. Wallahi da bakinta, kuma ta yi makaranta. Na ce mata ciki ba ya tuna cikin da ya gabace shi. Kowane ciki sabon ɗaya cikin huɗu ne. Akwai gidan da duka huɗun suka tsira, akwai gidan da biyu a jere suka zo da shi. Ba ta yarda ba, gani take baƙin baki nake yi mata.

Ɗan Jidda:
Inna, shi ya sa nan Saudiyya tun 2004 gwajin jini kafin aure ya zama dole, sikila na cikin abin da ake dubawa. Amma takarda ba ta fassara kanta. Na san waɗanda suka karɓi sakamako suka yi irin lissafin matar nan.

Ustazar Aji Uku, Bur Sudan:
Ga yadda za a kai maganar Inna aji ba tare da an ambaci ciwo ko ludo ba. Da can sai mu ce a jefa kuɗin ƙarfe, yanzu wa ya ga ƙarfe a Sudan? Marfin kwalba ya wadatar. Jaka biyu, kowace da marfi ja ɗaya fari ɗaya. Yaro ya zura hannu ya ɗauko ɗaya daga kowace jaka, a rubuta, a mayar, wani ya zo. Kafin a fara ki tambaye su me zai iya fitowa. Za su ce abu uku: ja biyu, fari biyu, ko gauraye, don haka kowanne ɗaya cikin uku. A yi sau arba'in a ƙirga, sai su ga gauraye ya yi wa sauran nisa. Me ya sa? Don hanya biyu gare shi: ja daga ta dama fari daga ta hagu, ko fari daga ta dama ja daga ta hagu. Hanyoyi huɗu ne, ba uku ba. Ja biyu ɗaya cikin huɗu. Jakar dama uba, ta hagu uwa, jan marfi S.

Kuma ja biyu ba lalle ya fito sau goma cif a cikin arba'in ba, zai iya zama takwas, zai iya zama sha uku. Nan ne malamar da ba ta sani ba take rikicewa, ta ce yara sun yi kuskuren ƙirga, ko ta gyara lambar a ɓoye don ta dace da littafi. Wadda ta sani kuwa za ta haɗa sakamakon rukuni-rukuni su ga yadda yake matsowa kusa da rubu'i in an yawaita. Ga masu son ƙari: iyaye AS biyu su haifi huɗu babu mai sikila ko ɗaya, 81 cikin 256 ne, bai kai sulusi ba.

Ustaz Kassala:
Marfin kwalba zan iya, ba ya cin kuɗi kuma ba mai kai ni wajen mudir. Amma ina nan a kan bakana, sai sun iya jadawali tukuna. Kuma a gaya wa masu kulliyya su sauko da darasin nan ƙasa. In Ustaza za ta iya bayaninsa a waya da jaka biyu, su me ya hana su?

Inna Ungozoma, Damazin:
Tunda an zo nan, ku raba mana wata gardama. A sandug ɗinmu na mata, adashi dai, mu goma ne. Mukan naɗe takardu goma, ɗaya ce mai alama, wadda ta ɗauke ta ita ke kwasar farko. Kullum faɗa ake a kan wa za ta fara zura hannu. Waɗansu sun ce ta farko ta fi sa'a don takardar tana nan ba a ɗauke ba. Waɗansu sun ce ta ƙarshe, don an rage mata marasa alama.

Ɗalibar Tarbiyya, Gadarif:
Inna bari in gwada. Ta farko ɗaya cikin goma. Ta biyu sai ta farko ta rasa, wato tara cikin goma, sannan ita ta dace a cikin tara da suka rage. Tara cikin goma sau ɗaya cikin tara, ɗaya cikin goma ke nan. Ta uku ma haka zai fito, har ta ƙarshe. Babu wadda ta fi wata.

Baba Mai Alli, Maiurno:
Daidai ne 'yata. Amma Inna ba za ta kai wa matan sandug "tara cikin goma sau ɗaya cikin tara" ba. Faɗa mata yadda za su ji.

Ɗalibar Tarbiyya, Gadarif:
To Inna, ki ce kowa ta ɗauka ta riƙe a hannu, kada wadda ta buɗe sai an gama, sannan a buɗe tare. Takarda goma a hannu goma, mai alamar tana hannu ɗaya. Wa zai ce hannun da ya riga ɗauka ya fi? Buɗewa ɗaya bayan ɗaya ce ke sa a ga kamar rabo yana canzawa.

Inna Ungozoma, Damazin:
Wannan kam za su ji. Amma Hajiyar da ke riƙe mana kuɗi ita za ta ci gaba da fara ɗauka, don ta girme mu duka, kuma ba ni ce zan gaya mata ba ta fi kowa sa'a ba.